Igiyar da Muke Yi wa Alwala

Karatuna na boko ya tsaya a aji huɗu, shekarar da jakinmu ya kwanta ciwo aka rasa mai ɗebo ruwa. Na allo kuwa na kai matsayin da zan iya jan salla idan liman da na'ibinsa da ladan duk suka tafi biki rana ɗaya, abin da Allah bai taɓa nufa ba. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya zaci littafin masana ya buɗe. Duk da haka na taɓa shiga mahawarar falsafa sau ɗaya, kuma ban fito da kayana cikakku ba. Na shiga ina mai igiyar awon ƙauyenmu, na fito ina mai igiyar shanya.

Ƙauyenmu yana bakin gulbi, tsakanin Mai Wurno da Suki. Kowace shekara ruwa yakan hau ya rufe gaɓa, ya shafe iyakoki, ya tafi da turaku. In ya ja baya sai ya bar baƙar laka mai taushi da muke kira jarf, ƙasar da ko sanda ka soka sai ta yi shawarar toho. Nan muke albasa da tumatir da kuɓewa. Tun da ruwa ba ya barin shaida, duk shekara sai an sake awo. An san rabon kowane gida da igiya: wane igiya biyu, wane uku da rabi. Ana farawa daga gindin wani tsohon gawo, a bi gaɓa har a kai mashayar shanu. Igiyar ɗaya ce, ta rama, kamu ashirin, kuma gidanmu take kwana. Mahaifina ya riƙe ta, ya rasu, aka miƙo mini ba tare da kowa ya ɗaga gira ba.

Awon yana da ladubbansa. Da hantsi, gaban jama'a, mai igiya yakan tsoma ta cikin gulbi da bisimilla har ta sha ta ƙoshi. Wannan shi ne alwalar igiya, wai don kada ta yi ƙarya. Sannan a fara da tsofaffi da gwauraye mata, saboda girmamawa. Mai igiya kuwa nasa ne na ƙarshe, saboda kunya, wajen azahar, lokacin da rana ta gama da kowa kuma masu kallo sun watse. A kan wannan na sha yabo har na fara ƙiba. In ana yi wa yara nasiha sai a ce su dubi mai igiya, shi da abin ke hannunsa amma shi ne ƙarshen samu. Ni kuma in sunkuyar da kai in ce ai ba komai, haka muka tarar.

Ta farko a layi ita ce yayata, wadda ta goya ni, mijinta ya daɗe da rasuwa. Tana da ɗa guda da ya yi jami'a a Khartum, ya karanta falsafa, yana koyarwa a wata sakandare a Sinnar. Kowa ustaz yake ce masa, har uwarsa in ta so ta yi masa ba'a. Hausarsa ta rame a birni, sai ya riƙa tokare ta da Larabci kamar dangar da ta tsufa.

Shekarar da nake magana, wadda wayar hannu ta fara shigo mana, ya zo hutu ruwa bai gama janyewa ba. Ba aiki, sai zama ƙarƙashin rumfar mai jabana, wato mai sayar da gahawa, bayan la'asar, ana kurɓar gahawa ana gyara duniya. Ladan ne ya tono shi. Ladan taubashina ne, tun muna yara ba mu taɓa yarda da juna a kan komai ba, har launin akuya.

"Ustaz," in ji ladan, "shekara huɗu kana cin waken ful a Khartum, mi aka koya muku? Hwaɗa muna mu ƙaru."

"Ya'ani, muna binciken mene ne kyau, mene ne muni."

"Wanga ai ko kakarka ta sani, kuma ba ta hau mota ba."

Ustaz ya aje finjalinsa. Ya ce abin da kakarsa ta sani shi ne abin da ranta ke so da wanda ranta ke ƙi. Ya ce dutse yana nan ko ka yarda ko ba ka yarda ba, ka yi tuntuɓe da shi ka gani. Amma muni fa, a ina yake zaune? Ka yanka ɓarawo ka duba cikinsa, za ka ga hanta da hanji, ba za ka ga muni ba. In mutum ya ce sata mugun abu ce, a cewarsa, bai ba da labarin duniya ba, tsaki kawai ya yi da kalmomi. Ya kawo misali da maƙwabtanmu Larabawa da ke cin ɗanyar hanta da barkono da safe suna lumshe ido, mu kuwa ko gani ba ma so. Ya kawo kakanninmu da suka taso daga Sakkwato, mutanen kirki masu tsoron Allah, da bayinsu a bayansu ɗauke da kaya, kuma barcinsu suke yi lafiya lau.

Ladan ya yi salati har mai jabana ya zubar da gahawa.

"To in haka ne, in na kwashe takalmanka a ƙofar masallaci, mi za ka ce?"

"Zan ji haushi."

"Haushi kaɗai? Ban yi laifi ba?"

"Ka yi abin da ni da jama'a muke ƙi. Bas. Shi muke kira laifi."

"In kuma jama'a suka so?"

"Sai in sayi wasu takalma in sake gari."

Ladan ya ce gaskiya tana nan kafe tun kafin a haƙa gulbi, rubutacciya, ba ta jiƙa ba ta bushewa, kuma ko mutanen duniya duk sun taru sun ce zalunci halal ne, zalunci ne. Ustaz ya ce to Allah ya hana zalunci don mugu ne, ko ya zama mugu don Allah ya hana? Ladan ya ce wannan tambaya ce ta wanda ya ƙoshi. Aka yi dariya, aka juyo kaina, tun da ni ne ake kafa misali da ni.

Na gyara rawani na yi gyaran murya irin na manya. Na ce ni a ganina gaskiya kamar igiya take: ba ta san ɗan'uwa ba, ba ta san bare ba, ka shimfiɗa ta a ƙasa ta faɗi abin da ta gani. Jama'a suka ce madalla. Ladan ya ce yau dai taubashi ya yi magana kamar mutum. Ustaz ya yi murmushi ya ce misalin ya yi kyau, kawu. Da na san abin da ke tafe, da na kwatanta gaskiya da tukunya.

Kwana goma bayan haka aka fita awo. Ustaz ya zo riƙe wa uwarsa turaku, don gwiwoyinta ba sa son laka. A aljihunsa akwai mitir, wato tef ɗin ƙarfe irin na magina, wanda ya aro don yana son ya yi mata sabon ɗaki. Na yi wa igiya alwala, na shimfiɗa ta daga gindin gawo, sau biyu, aka kafa turke. Shi kuma, don hannun ɗan boko ba ya zama banza, ya ja mitir ɗinsa ya auna tsakanin turakun ya rubuta a bayan kwalin ashana. Na gan shi. Na kau da kai na ce a ja igiya gaba.

Bai koma gida ba, ya bi mu har ƙarshe. Rana ta take, igiya ta bushe ƙayau, an ja ta an sake ja tun safe har ta saki jiki. Aka auna nawa, igiya uku. Ya sake jan mitir. Ya duba kwalin ashana, ya duba ƙasa, ya sake aunawa. Sauran mutane sun riga sun haura tudu, daga ni sai shi sai ladan da ke jiran in raka shi masallaci.

"Kawu," ya ce, "igiyar uwata ba igiyarka ba ce. Taka ta fi tata da kamu guda har da ɗoriya. Kowace igiya."

Wanda bai san jarf ba zai ce kamu guda mene ne. Kamu guda ne a faɗi, amma a tsawo daga tudu yake har bakin ruwa. Kunya biyu ce ta albasa, doguwa, kowace shekara.

Na ce, "Ikon Allah."

"Rama in ta jiƙe tana tsukewa, in ta bushe tana miƙewa. Na farko suna samun gajera, na ƙarshe doguwa. Wannan zalunci ne, kawu. Zulum!"

Shaiɗan ya ba ni magana, ni kuma ban taɓa mayar masa da kyauta ba.

"Ustaz, wanne? Wanda ke cikin duniya kamar dutse, ko wanda ke cikin ƙirjinka kamar tsaki? In na ƙirjinka ne, sha ruwa, shina wucewa."

"Kawu, bar wasa."

"Ba wasa nika yi ba. Yanka ni ka duba cikina."

Bai yi dariya ba. Idonsa ya kawo ruwa, ya ce da Larabci uwarsa ce fa, tsohuwa, ita ta goya ni. Ya ce wannan ba daidai ba ne ko wa ya so ko wa ya ƙi, ko garin nan duk sun ce daidai ne. Na juya wajen ladan don ya karɓi sabon almajirinsa da hannu biyu. Amma ladan gonarsa tana gab da tawa, ta biyu daga ƙarshe. Ya yi tari. Ya ce a bi a hankali, ayyuka ai da niyya suke, abin da zuciya ba ta nufa ba ba a rubuta shi, kuma kowane gari da al'adarsa, abin da jama'a suka yarda da shi shekara da shekaru ba a kiransa zalunci haka kawai. Ina tsaye cikin laka na ga mutum biyu sun yi musayar riguna da rana tsaka, kuma ba wanda ya lura rigar ɗan'uwansa ce a jikinsa.

Ustaz ya naɗe mitir ɗinsa ya dube ni.

"Tambaya ɗaya, kawu. Ka sani?"

Na ce lokacin salla yana wucewa.

Kafin magariba zance ya gama gari. Dattawa suka sa ranar Juma'a bayan an sauko. Kowa ya san yadda abin zai kasance. In na ce ban sani ba, kuskuren rama ne, sai a ce in riƙa jiƙa ta akai-akai, igiya ta zauna a gidanmu. In na ce na sani, ta bar gidanmu ke nan, gidan da take kwana tun zamanin da aka sari ƙauyen. Mutanen ƙarshen layi suka riƙa zuwa gaishe ni ɗaya bayan ɗaya, suna tabbatar mini cewa mutum irina ba zai taɓa sani ba. Ban taɓa ganin jama'a sun damu da jahilcina haka ba.

To, na sani ko ban sani ba? Kwana uku ina juya tambayar kamar mai gasa masara, kuma ga abin da na tarar.

Mahaifina yakan tsaya bayan kowace gona uku ko huɗu ya gangara ya sake tsoma igiya, yana cewa ta ji ƙishirwa. Na ɗauka tsarabe-tsaraben tsofaffi ne. Da na karɓa na bar shi, don gangarawa da haurowa cikin laka ba abin wasa ba ne. A nan ban san komai ba, ko a gaban wa zan rantse. Amma a zaurenmu akwai ƙusa biyu a bango, inda ake rataye igiyar a miƙe. Wata damina rufin ya yi yoyo, ta jiƙe. Da safe na zo in mayar da bakinta kan ƙusa ta biyu, ta ƙi kaiwa. Na ja, ta ƙi. Na tsaya ina kallon tazarar da ta rage, kamu guda ko kusa. Ban ce komai a raina ba, wallahi ko kalma ɗaya ban haɗa ba. Sai dai a ranar na tuna cewa sirdin jaki yana bukatar ƙusa, na zare ta biyun, na naɗe igiyar na rataye ta a dunƙule kan ta farko. Shekara tara ke nan kafin zuwan mitir. A cikinsu ban taɓa zama na ce yau zan cuci yayata ba. Ban kuma taɓa jin sha'awar in fara da gonata ba, ko sau ɗaya, kuma in wani ya ce a yi sauri a gama kafin rana ta yi zafi, ni ne mai cewa gaggawa aikin shaiɗan ce.

Ranar Alhamis da hantsi yayata ta aiko in zo. Na same ta kan angare, gadonta na saƙar igiya, tana tsinke ganyen rama a faifai. Ba ta ɗago ba.

"Auta, ka karya?"

"Na karya, yaya."

"Yaron nan ya ɗaga maka murya, na yi mishi faɗa. Kawu kawu ne."

Na ce ai yaro ne, jininsa na tafasa, kuma boko ya ɗan taɓa shi.

"Haka ne." Ta ci gaba da tsinka. "Ina ƙusar baba ta biyu?"

Na ce wace ƙusa.

"Ramin yana nan a bango. Duk Salla in na zo gaishe ku ina ganinsa. Ko yaɓe shi ba ka yi ba, raggo."

"Yaya, kin sani ke nan? Mi ya hana ki magana?"

"In ce mi? In tara gari in ce ƙanena ɓarawon albasa ne? Na goya ka, ka yi mini fitsari a baya ban kai ƙara ba." Ta hure faifan. "Ni dai na so in ga ran da za ka mai da ta da kanka. Na gaji da jira, shi ya sa na ce yaron ya zo da abin awonsa, wai ɗaki nika so. Mi zan yi da sabon ɗaki, ni da kabari ke yi wa sallama?"

Na zauna kusa da ita. Ta miƙo mini ganyen ta ce in taya ta, tun da hannuna ya iya auna abu.

Ranar Juma'a aka zauna inuwar masallaci. Ladan ya yi doguwar shimfiɗa a kan niyya, har da ƙaulani da ba'adi. Mai gari ya juyo ya ce, mai igiya, Allah yana ganinka, ka san rama na yin haka? Ya yi tambayar ne da muryar wanda ya riga ya buɗe maka ƙofar baya. Ustaz yana gefe, kansa a ƙasa. Yayata ba ta zo ba, mata ba sa zuwa, amma ramin ƙusa ya zo tare da ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, bakina bai sani ba, don bai taɓa faɗi ba. Kaina ma ya ce shi ba a sanar da shi a hukumance ba. Amma hannuna ya sani shekara tara, kuma da shi nake cin tuwo."

Wani ya fara dariya ya ga ba mai taya shi, ya mayar da ita tari. Mai gari ya ce in yi magana sosai. Na ce na sani. Kalma biyu ce, amma ta fi buhun dawa nauyi, kuma da na sauke ta ban ji wani sauƙin da masu wa'azi ke alkawari ba. Kunya kawai na ji, har cikin kunnuwa.

Aka yanke cewa daga bana da mitir za a yi awo, aka raba tsakanin jiƙaƙƙiya da busasshiya aka tsayar da tsawo ɗaya ga kowa. Aka sake awon shekarar tun daga gawo. Da aka nemi wanda zai riƙe mitir, ba wanda ya iya karanta ƙananan lambobinsa da sauri sai ustaz. Haka aka ɗauki amanar gaskiyar ƙauye aka damƙa wa mutumin da ya ce babu ita. Duk shekara yakan hau mota daga Sinnar ya zo, ya auna har da ɗigo, ko ɗan yatsa ba ya yafe wa kowa, har uwarsa. Ladan bai yi mini magana ba wata biyu, ya rasa kunya guda ta tumatir saboda gaskiyar da ba ta jiƙa ba ta bushewa.

Bayan shekaru na tambayi ustaz ko har yanzu yana gaya wa ɗalibansa cewa muni tsaki ne. Ya ce yana gaya musu, sannan ya gaya musu ɗaya ra'ayin, ya bar su su yi faɗa. Na ce shi fa? Ya ce a aji hujjar farko ta fi ƙarfi, har yau bai ga inda ta karye ba, amma a bakin gulbi ba ya iya tsayawa a kanta, kuma bai san wanne ne shi ba. Na ce masa na ji a rediyo ƙarfe ma yana miƙewa in ya sha rana. Ya dube ni kamar zai yi kuka, ya ce ya sani, kawu, shi ya sa yake auna na uwarsa da azahar.

Ba wanda ya zage ni a ƙauyen. Ana gaishe ni, ana ba ni wuri a tabarma. Sai dai in ana yi wa yara nasiha yanzu, da wani ake kafa misali, kuma sunan mai igiya da ake kirana da shi ya faɗi a hanya ba wanda ya duƙa ya ɗauka. Yayata ta ci albasar sabbin kunyoyinta shekara huɗu kafin ta rasu, kowace kaka tana aiko mini da kwando guda, a ce in ji ta in ɗanɗana in ji ko ta fi daɗi da tana wajena.

Igiyar tana gidana, ba wanda ya nema. Na zare ƙusar daga tsohon sirdi na mayar da ita raminta, na ɗaure igiyar tsakanin biyun, iyali suna shanya a kai. In an yi wanki da yawa ta jiƙe, sai ta ɗame har ƙusoshin su yi ƙara, matata ta ce in sassauta ta kada ta fizge bango. Nakan ce a bar ta, alwala take yi.